Hawan Dutse Da Yawon Ƙafa A Damina: Abin Da Ya Kamata Ƙungiyoyi Su Sani Kafin Su Nufi Zungeru

Zungeru, Jihar Neja – A ƙasashen Turai, da zarar watan Yuni ya ƙarato, ƙungiyoyin masu hawan duwatsu kan fitar da jadawalin fitarsu na watanni uku: ranakun hawan tsauni, ranakun doguwar tafiyar ƙafa, da ranakun haɗuwa domin cin abinci da sada zumunci. Dalilinsu a fili yake. A watannin Yuni, Yuli da Agusta ne ƙanƙara ke narkewa daga hanyoyin tsaunuka, yini ya yi tsawo, sanyi ya lafa. A birnin Landan aka kafa ƙungiyar farko ta masu hawan tsaunuka a shekarar 1857, kuma tun daga wancan zamani waɗannan watanni ne kakar hawa a can.

A Najeriya ma sha'awar ta kama matasa, musamman a Abuja da Jos, inda ma'aikata da ɗalibai ke haɗa ayari a ƙarshen mako su nufi duwatsun da ke kewaye da gari. Ga kuma dogon hutun makarantu da ke faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da kowa ke neman inda zai miƙe ƙafa. Sai dai akwai abin lura. Ana yawan fassara wancan lokaci na Turawa da kalmar "bazara", alhali bazarar Bahaushe ita ce zafin watannin Maris zuwa Mayu. Watannin da Turawa ke murna da su, a Jihar Neja tsakiyar damina ce. Duk ƙungiyar da ta kwafo jadawalin wata ƙasa ba tare da ta auna shi da daminarmu ba, tana wasa da rayukan mambobinta.

Garin Zungeru ya isa misali, domin ya haɗa abubuwan da ke jan mai yawon ƙafa da kuma abubuwan da ke iya cutar da shi.

Abin da Zungeru ta tanadar wa mai tafiya

Zungeru, wadda Hausawa suka sani da Dungurum, tana cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi, kimanin kilomita 60 daga Minna, a gefen Kogin Kaduna. Ba ta da dogayen tsaunuka. Ƙasa ce ta tuddai, fa-fa da duwatsun bakin kogi, saboda haka arzikinta ga mai yawo yana cikin tarihi da shimfiɗar ƙasa.

Nan ce hedikwatar mulkin Turawa ta Arewacin Najeriya daga 1902, lokacin da Gwamna Lugard ya tare a cikinta, har zuwa 1916 da aka ɗauke ta domin komawa Kaduna. Tana kan wannan matsayi aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu, 1914. A nan aka haifi Dakta Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasa na farko, ranar 16 ga Nuwamba, 1904, haka kuma Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ranar 4 ga Nuwamba, 1933.

Mai tafiya a ƙasa zai iya zagaya kufan gidan gwamna, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ya ga maƙabartar Turawa, ya ga tashar jirgin ƙasa da gadar dogo da ta tsallake kogi. Gadar ƙafa ta ƙarfe da aka kafa a Zungeru a 1904 ba ta nan yanzu. An kwashe ta zuwa Kaduna, inda take a lambun Gamji. Irin wannan zagaye ba ya buƙatar igiya ko takalmin ƙarfe, kuma yana karɓar babba da yaro, mace da namiji.

Wanda ke son hawa na gaske sai ya duba sauran sassan jihar. Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, ya ɗaga kimanin mita 300 daga ƙasar da ke kewaye da shi. Magangarar ruwa ta Gurara, mai tsawon kimanin mita 30, tana kan hanyar Suleja zuwa Minna. Ita kanta Minna duwatsu ne suka yi mata ƙawanya.

Kogin da ke iya tashi ba tare da hadari ba

Abu na farko da mai shirya fita zai fahimta game da Zungeru shi ne, ruwan kogin ba ya bin sararin samaniyar da ido ke gani. Kogin Kaduna yana ɗauko ruwa tun daga tsaunukan Filato, ya ratsa Jihar Kaduna, sannan ya bi ta madatsu biyu kafin ya wuce garin. Ta farko ita ce madatsar Shiroro mai ƙarfin megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990. Ta biyu ita ce madatsar Zungeru mai ƙarfin megawat 700, wadda aka aza harsashinta a 2013, tana da injuna huɗu.

Idan tafki ya cika a ƙarshen damina, dole masu kula da madatsa su saki ruwa domin kare ginin. Ko a ranakun da aka saba, yawan ruwan da ke fita yana sauyawa gwargwadon injunan da aka kunna. Ma'anar wannan ita ce, dutsen da ayari ya zauna a kai cikin kogi da hantsi na iya zama tsibiri kafin la'asar, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a garin ba. Don haka kada a shimfiɗa tabarma a tsakiyar kogi, kada a kafa tanti a kan yashin gaɓa, kuma a tambayi masunta da mutanen gari halin da ruwa ke ciki a ranar.

Ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, wadda ta ci rayukan mutane sama da 150, ta nuna yadda ruwan dare ɗaya ke iya juya gari. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya, kuma Neja na daga cikin jihohin da ake yawan ambata. Karanta waɗannan bayanai aikin sakataren ƙungiya ne kafin a tsayar da rana. Idan fitar ta haɗa da shiga kwalekwale, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma a kiyaye dokar hana tafiyar dare a ruwa. Wanka a kududdufi ko ruwan da ba ya gudu sosai yana jawo tsargiya, wanka a gindin Gurara kuwa lokacin da take tumbatsa ganganci ne.

Jiƙaƙƙen dutse da tsawa

Duwatsun wannan yanki masu sulɓi ne, irin waɗanda ake fasawa a yi tsakuwa. A rani ƙafa na kama su da kyau. Da ruwa ya sauka, gansakuka ta tsiro, sai su koma kamar an shafa musu sabulu, kuma santsin kan daɗe a ɓangaren da rana ba ta bugu. Mafi yawan faɗuwa a wajen saukowa take faruwa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma hankali ya koma gida. Shi ya sa hawan wuri mai miƙewa irin Zuma ya fi dacewa da rani, tare da ɗan jagora da ya san hanya.

Haɗari na biyu tsawa ce, wadda ke neman wuri mafi tudu. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙara tana cin kimanin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan tsakanin walƙiya da rugugin aradu bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, lokacin sauka ya yi. A bar ƙololuwa, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a fita daga ruwa, a shiga gini ko mota mai rufi. Kada a ci gaba da tafiya sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. A wannan yanki hadari ya fi tasowa daga gabas, don haka jagoran ayari ya riƙa waiwayar wannan kusurwa.

Ciyawa ma tana tsawo a damina, macizai kuma suna yawo. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, da kasa da kumurci duk ana samun su a irin wannan daji. Takalmi mai rufe idon sawu, dogon wando da sanda sun fi kowane magani. Idan an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a garzaya asibiti.

Lissafin lokaci da guzuri

Wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake amfani da ita: a ware awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na mai ƙarfi ne a busasshiyar hanya. A cikin taɓo, da ayari mai yara ko dattawa, sai a ƙara rabin lokacin. Ayari da mafi rauninsa ake auna shi.

Mafi alheri a tashi da an idar da sallar asuba, a kammala kafin azahar, domin hadarin damina ya fi haɗuwa daga yamma zuwa dare. A tsayar da lokacin juyawa tun daga gida, kuma idan ya cika a juya ko da ƙololuwa na gaban ido. Kowa ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 2, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, rigar ruwa, tocila, da waya cike da caji a cikin leda. A sa gogaggen mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga mutane a kowane zango.

Batun tsaro

Ba a maganar yawo a wannan yanki a tsallake tsaro. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayun shekarar kuma aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina. A watan Agustan 2023 'yan bindiga sun yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina. Ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro, maƙwabtan Wushishi, sun sha fama da wannan masifa.

Saboda haka fita a Zungeru ta tsaya cikin gari da gefensa, da rana, ba kwana a daji. A sanar da ofishin 'yan sanda da mai gari kafin a zo, a ɗauki ɗan jagora ɗan gari, a bar sunayen matafiya da lokacin dawowarsu a hannun wani da ya zauna gida. Kada a wallafa hanya da lokacin tashi a Facebook ko wani dandali kafin tafiya. Hotuna sa jira a dawo. Wuraren madatsa kuwa suna da dokokinsu, ba a shiga sai da izini. Idan mutanen gari suka ce kada a bi wata hanya, maganar ta ƙare. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Zumunci da haƙƙin masu gari

Rabin amfanin ƙungiya yana cikin zaman da ake yi bayan tafiya. Ranar da ruwa ya hana fita ba asara ba ce: ana iya koyar da ɗaurin igiya, karatun taswira da taimakon gaggawa, ko a gayyato malamin tarihi daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja da ke Zungeru. Najeriya na da gadon irin wannan horo, domin Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda ta samo asali a 1951, tana da makarantar hawan dutse a tsaunukan Shere da ke Jos.

Damina lokacin noma ce. Hanyar da aka bi a rani ƙila yanzu kunyar doya ce ko fadamar shinkafa. A bi gefen gona, a gai da manomi, a kauce wa garke, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum. Wasu duwatsun suna da alfarma a wajen Gbagyi da sauran mazauna, sai a tambaya kafin a hau. A sayi abinci da kifi a kasuwar gari, a biya ɗan jagora haƙƙinsa, a kwashe leda da gorar ruwa a koma da su.

Yadda za a raba watanni

A Yuni da farkon Yuli, ƙasa ta yi kore, zafi ya ragu, kogi bai cika ba tukuna. Lokaci ne na gajeren zagayen tarihi a Zungeru da hawan ƙananan duwatsun Minna da safe. Agusta da Satumba su ne ƙololuwar ruwa da cikar madatsu, sai a rage fita, a yawaita horo da zaman zumunci, a je Gurara domin kallo daga nesa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dutse ya bushe kuma hunturu ya sanyaya gari, a ajiye manyan hawa: Zuma, Shere mai mita 1,829, ko Chappal Waddi a Jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419.

Ƙungiyar da ta tsara jadawalinta haka za ta sami abin yi a kowane wata, kuma za ta dawo gida da adadin mutanen da ta fita da su.