Daga Fitsarin Jini Zuwa Sankarar Mafitsara

A Daudawa da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, yaron da ya yi wanka a kududdufi ya fara fitsarin jini ba ya tayar wa kowa hankali. Wasu ma cewa suke alamar balaga ce. Alhali tsargiya ce, tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Dodon koɗi ke rainonta a ruwa, ta huda fata ta shiga jiki, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara suna ƙwarzanarsa shekara da shekaru. Tun 1911 likita Ferguson ya danganta ta da sankarar mafitsara a Masar, a 1994 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ta cikin tabbatattun masu haddasa cutar. A maƙwabciyarmu Malumfashi ma an yi dogon bincike a kan tsargiya a shekarun 1970.

Yau binciken sankarar mafitsara ya nutsa cikin ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwayar jiki na riƙe da kundi iri ɗaya, sai dai ba shafi ɗaya suke buɗewa ba. Shafin da aka buɗe, ana kwafarsa a matsayin saƙon da masana ke kira RNA. Sai a yanko tsokar ƙari, a tace saƙonnin, na'ura ta karance su ta ƙidaya. Daga nan ake gane wane umarni sankarar ke bi, wanne ta toshe.

Da wannan dabara masu bincike a Amurka suka duba ƙari 131 a 2014, sannan 412 a 2017. Suka tarar abin da ake yi wa kuɗin goro a matsayin cuta ɗaya ya rabu gida-gida, kowanne da halinsa da yadda yake karɓar magani. A 2019 har an amince da wani magani, erdafitinib, ga masu tangarɗa a ƙwayar halittar FGFR3.

To, ga inda gizo ke saƙa. Irin sankarar da suka karanta ita ce wadda ta yi yawa a ƙasashensu, mai alaƙa da taba sigari. Binciken asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato kuwa ya nuna fiye da rabin waɗanda aka duba wani iri ne daban suke da shi, irin da ke bin sawun tsargiya. A ganina, muddin ba a karanta tsokar majinyatanmu ba, da rigar aro za a ci gaba da yi mana magani.

Kafin nan, praziquantel na kashe tsutsar, kuma ana raba shi kyauta a makarantu. Iyaye, in yaro ya yi fitsarin jini, a kai shi asibiti. Babba kuwa, ko sau ɗaya ya ga jini ba tare da zafi ba, kada ya tsaya shan jiƙo.