Sana'ar Masu Ƙera Sama da Ƙasa a Cikin Kwamfuta

Kowace sana'a da kayan aikinta. Maƙeri na da zugazugi da uwar maƙera, masaƙi na da ƙoshiya da zare. Akwai kuma wasu masu sana'a da lissafi da kwamfuta ne kayan aikinsu, abin da suke ƙerawa kuwa kwatankwacin duniya ne: iskarta, gajimarenta, ruwan samanta da ƙasar da ruwan ke sauka a kai. Samfurin yanayi ake kiran wannan ƙira, kuma da ita ake hasashen yadda zafi da damina za su kasance nan da shekara hamsin ko ɗari.

Ga yadda aikin yake. Ana yanka doron duniya gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 100, sannan a jera wasu gidajen a kansu hawa-hawa, talatin ko fiye, har can ƙololuwar sama. A kowane gida ana rubuta zafi da laima da ƙarfin iska da inda ta nufa. Sai kwamfuta ta lissafa abin da kowane gida zai miƙa wa maƙwabcinsa, ta matsar da agogo kamar rabin awa, ta sake lissafi, haka dai har ta cinye ƙarni guda. Yawancin wannan aiki har yau da Fortran ake rubuta shi, harshen kwamfuta da ya samo asali tun shekarun 1950.

Sana'ar tana da magabata. Lewis Fry Richardson na Ingila ya shafe makonni yana lissafin yanayin awa shida da hannu, amsar ta fito ba daidai ba, amma littafinsa na 1922 ya share hanya. Sarkin maƙeran kuwa shi ne Syukuro Manabe, ɗan Japan da ya koma Amurka a 1958 ya yi aiki a cibiyar GFDL. A 1967 shi da Richard Wetherald suka nuna cewa idan iskar kabon da ke sama ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da fiye da digiri biyu. Da Manabe ya zo kan ƙasa, sai ya ɗauke ta tamkar bokiti mai zurfin santimita 15: ruwa ya zuba, rana ta tsotse, idan ya cika ya malala ya zama kogi. Daga wannan bokiti aka taso har aka kai ga samfuran yau, irin CLM na cibiyar NCAR da ke Kolorado, masu lissafa saiwar bishiya da numfashin ganye da danshin ƙasa. A 2021 Manabe ya samu kyautar Nobel.

Inda gizo ke saƙar shi ne gajimare. Hadarin da zai jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi ya fi gidan samfuri ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka kwamfuta ba ta ganinsa. Dole mai sana'a ya tsara ƙa'idar da za ta ƙiyasta shi. Zai gyara lamba ɗaya, ya saki samfurin ya kwana yana gudu, da safe ya buɗe taswira ya tarar ruwa ya yi yawa a tsakiyar teku ko ya ƙaurace wa Indiya. Sai ya koma baya. Shekaru ake ɗauka a haka, kuma ba a yarda da ƙira sai ta iya maimaita yanayin da aka riga aka gani. Da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991, samfurin James Hansen ya ce duniya za ta yi sanyi da kusan rabin digiri, haka kuwa aka yi.

Mu ma sana'ar ta taɓa mu. Bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, masani Jule Charney ya ce a 1975 ƙasar da ta rasa ciyayi tana mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. Daga baya, binciken masanan Ingila a 1986 da na Alessandra Giannini a 2003 suka nuna da samfuri cewa sauyin zafin tekuna shi ne ummul aba'isin farin, lalacewar ƙasa kuwa ƙara masa ƙarfi take yi. Wannan ya sauke wa manomi da makiyayi wani kaso na laifin da aka ɗora musu.

Har yanzu samfuran ba su yi ittifaƙi kan makomar daminarmu ba: wasu sun ce ruwa zai ƙaru, wasu sun ce zai ragu. Ƙarancin ma'aunan ruwa da na masana 'yan ƙasa na cikin abin da ke hana warware wannan saɓani. Cibiyoyin nazarin yanayi irin AGRHYMET da ACMAD suna nan a Yamai. Matashin da Allah ya hore wa basirar lissafi, ga sana'a tana jiransa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.