Gina Wa Makaranta Shafi A Intanet

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga 'yar shawara ga wanda aka ɗora wa aikin shafin makaranta a unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Ijora da Agege.

Da fari sai a nemi suna. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke lura da sunayen da suka ƙare da .ng, ofishinta kuwa yana Iponri, ba nisa da Ijora. Na makarantu shi ne .sch.ng. Haya ce, ba saye ba. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafi ya rufe. A yi rajista da sunan makaranta, kada da sunan malami guda, gama malami yakan bar aiki.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, uban yaro a Ijora da wayar hannu zai duba, da datar da ya saya da guminsa. Hoto guda yakan kai megabait 3 ko fiye, watau sai a rage nauyinsa kafin a ɗora. Ranar komawa makaranta da kuɗin makaranta su zo a sama, jawabin hedimasta ya biyo baya, ko da zai ɓata rai.

Sa'an nan ga haruffanmu masu lanƙwasa. Lalle a zaɓi tsarin UTF-8, a gwada a ƙaramar waya, don kada ƙ da ɗ da ɓ su fito kamar akwatuna. Kowane ƙarshen wata kuma a ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam.