Gidan Zu: Waye Ke Cin Kuɗin Ƙofa, Mu Ko Zakin?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Daga nan Kambarawa a cikin birnin Katsina muka naɗe shi, don haka masu saurare za su ji ƙarar babura a baya, a yi mana afuwa.

Sallah ta matso, kuma tuni na fara ganin sanarwa a zaurukan WhatsApp: a kawo kuɗin mota, za a kai yara Kano gidan zu ranar yawon Sallah. Islamiyoyi na yi, ƙungiyoyin matasa irin namu ma na yi. Sai wata 'yar'uwa cikin masu bibiyar shirin nan ta aiko da tambaya, ta ce ita zuciyarta ba ta natsu ba, shin daidai ne mu biya kuɗi mu je kallon dabbar da aka kulle? Tambayar ta fi yadda ake ganinta nauyi, shi ya sa na ba ta shirin yau gaba ɗaya.

Bari in fara da abin da kowa ya sani tun yana allo. Akwai hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba, har ta mutu. Akwai kuma wani hadisin na ƙanin Anas bin Malik, yaro ƙarami da ake kira Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba, har ma da tsuntsun ya mutu ya rarrashe shi. Daga nan malamai suka fitar da cewa ajiye tsuntsu ya halatta, da sharaɗin a kula da shi. Idan ka haɗa biyun, za ka ga ba kejin ne kaɗai abin dubawa ba. Ranar da ka rufe ƙofa a kan dabba, ka ɗauke mata dajinta, to duk abin da dajin yake ba ta ya dawo wuyanka. Wannan shi ne ma'aunin da zan yi amfani da shi yau, kuma wallahi ya fi tsauri fiye da yadda muke zato.

Me daji yake ba zaki? Abinci dai tukun. Babban zaki yana bukatar nama kilo 5 zuwa 7 a matsakaicin lissafi kowace rana. Ka ninka da kwana 365, ka ga kusan tan 2 zuwa 2 da rabi a shekara. Zaki ɗaya fa kenan. Ka je wajen mahauta a babbar kasuwa ka tambayi kuɗin kilo guda yau, sai ka yi lissafin da kanka. Giwa kuwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Ga likitan dabbobi, ga magani, ga ruwa, ga albashin masu kula. Gidan zu wuri ne mai cin kuɗi kamar asibiti, kuma marasa lafiyarsa ba sa iya kai ƙara gidan rediyo.

To amma ko an ƙosar da ciki, akwai sauran magana. Duk wanda ya taɓa zuwa irin waɗannan wurare ya ga kura ko zaki yana safa da marwa a bakin waya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kan layi guda, har ƙasa ta yi hanya. Yara kan ce yana atisaye ne. Masana halayyar dabbobi sun ce alamar damuwa ce, dabbar da aka halitta don ta yi tafiya ta farauta ta rasa inda za ta kai ƙarfinta. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Oxford ta Ingila, Ros Clubb da Georgia Mason, sun duba namun daji masu cin nama a gidajen zu, suka gano cewa waɗanda suka saba yawo mai nisa a daji su suka fi yin wannan kai-komon, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa tun suna ƙanana. A 2008 wani binciken ya kwatanta giwayen Afirka da aka haifa a gidajen zu na Turai da na dajin Amboseli a Kenya. Na gidan zu, tsakiyar shekarunsu bai kai 17 ba. Na daji, idan ba mutum ne ya kashe su ba, 56. Ku lura, Turai ake magana, inda akwai kuɗi da likitoci. Giwa dabba ce mai dangi, uwa da 'ya'ya da jikoki suna tafiya tare. Ka ajiye guda ɗaya tal a fili, ko kana ba ta rake kullum, ka raba ta da rabin rayuwarta.

Yanzu mu dawo gida. Gidan zu na Kano, wanda ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan da ya kafa shi a farkon shekarun 1970, shi ne wanda yawancinmu 'yan Katsina muka fara gani. Kuma a yi adalci, wuri ne mai daraja. Kurmi ne guda a tsakiyar birnin da gine-gine suka cinye, miliyoyin yara a nan suka fara ganin jimina da kada da idonsu. Lokacin da gwamnatin Ganduje ta yi maganar mayar da shi yankin Tiga a 2020, mutane da yawa sun tayar da jijiyar wuya, kuma har yau yana nan inda yake.

Sai dai ku tuna watan Yuni na 2019. Naira miliyan 6.8 ta ɓace, kuɗin ƙofa na kwanakin ƙaramar Sallah, labari ya bazu har ƙasashen waje wai goggon biri ne ya haɗiye. Aka yi ta barkwanci a Facebook. Daga baya gwamna da kansa ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Mun yi dariya mun wuce, amma ni abin da ya tsaya min shi ne, kuɗin nan na waye? Dubban mutane sun biya ne don su ga dabbobi. Dabbobin ne suka sha rana da hayaniya da jifa na kwanakin. Hausawa sun riga sun yi mana karin maganar tun kafin a gina gidan zu ko ɗaya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Miliyan 6.8 a farashin wancan lokacin, naman wata nawa ne?

Wata huɗu bayan haka, a Oktoban 2019, zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan. Kusan kwana biyu mutanen unguwannin da ke kewaye suna cikin zullumi, shi kuwa ya faɗa wajen awakin da aka tanada ya yi ta ɗiba, kafin a samu ya koma. Wannan ya ƙare lafiya. Na Jos bai ƙare lafiya ba: a Disambar 2015 zaki ya fita daga kejinsa a wurin namun daji na Jos, aka harbe shi har lahira. A ƙarshen 2020 hotunan wani zaki a Gamji da ke Kaduna suka zagaya duniya, ana ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. A 2024 kaɗai zakuna sun kashe masu kula da su har biyu, ɗaya a gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, ɗaya a Abeokuta. Na kawo waɗannan ne don mu gane cewa idan aka yi sakaci da gidan dabbobi, ƙaramin ma'aikacin da ke shiga da bokitin nama shi ma ransa na kan layi.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba, wato daga ina dabbar ta zo? A 2002 an fitar da 'ya'yan goggon biri huɗu daga Najeriya zuwa gidan zu na Taiping a Malesiya, da takardun da ke cewa a gidan zu na Ibadan aka haife su. Bincike ya nuna daga daji aka kamo su. Sai a 2007 aka mayar da su Kamaru. Kuma mafarauta sun sani, ba a ɗaukar ɗan goggon biri uwarsa na raye tana kallo. Haka gardawan da ke zagayawa da kura da takunkumi, da bika sanye da riga, a kasuwanninmu. Sana'a ce ta gado, na sani, kuma mutane ne masu neman abinci. Amma kurar nan dabbar dare ce mai rayuwa cikin garke, ga ta da sarƙa a tsakiyar rana tana jin ganga. Mu da ke zagaye muna liƙi, muna cikin lissafin.

To a rufe duka kenan? Ni ban ce ba, kuma ga dalilina. Akwai wata dabba ta Sahel mai kama da babbar barewa, fara, mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya, wadda tsofaffin Hausawa ke kira mariri. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ta ƙare ƙaƙaf a daji. Abin da ya rage sai waɗanda ke gidajen zu da garken masu kiwo a ƙasashen waje. Daga cikinsu aka tara, aka fara mayar da su Chadi a 2016, suka hayayyafa, har a Disambar 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ba don an ajiye ta ba, da sai dai a hoto. Irin wannan gidan zu yana da hujjar da zai kare kansa da ita gaban kowa.

Amma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanyar. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har saura 49 a 1996. Ba a kwashe su an kai keji ba. An zauna da manoman yankin, aka hana farauta, aka sa mutanen gari su ci moriyar masu zuwa kallo. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maradi, nan bayanmu. Mu kuma fa? Wani bincike na 2014 ya ce zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Dajin Rugu da iyayenmu ke ba mu labarin namunsa, yanzu kowa ya san su waye a ciki. Wannan ne ya sa ba na iya cewa iyaye kar su kai yara gidan zu. Yaron Kambarawa ko Ƙofar Sauri, in bai ga zaki a Kano ba, ina zai gan shi? Yankari na da nisa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana. Kuma wanda bai taɓa ganin abu ba, da wuya ya damu in an ce abin zai ƙare.

Saboda haka amsata ga 'yar'uwarmu ita ce, ki je, amma ki je a matsayin mai bin bashi. Kin biya, kina da bakin magana. Ki duba ko akwai ruwa mai tsabta a kejin, ko akwai inuwa, ko dabbar na da lungun da za ta ɓuya in ta gaji da idon mutane. Wannan na ƙarshen mutane ba sa sonsa, sun fi so a baje musu dabba a fili, alhali samun maɓoya na cikin alamun wurin da ya san aikinsa. In kin ga rauni ko rama, ki ɗauki hoto, ki nemi ofishin shugabannin wurin ki faɗa musu da ladabi, in ba a yi komai ba sannan ki fitar. Ki karɓi tikiti a hannu, kar ki yarda da a miƙa kuɗi a wuce, don kuɗin da ba a rubuta ba ba zai taɓa zama nama ba.

Sai ku malaman da ke rakiyar yara, don Allah ga roƙo. Zaki na iya kwana har awa 20 a rana, haka Allah Ya yi shi. In kun tarar yana barci ba lalaci ba ne, ba kuma cutarku aka yi ba. Kar a bar yara su jefe shi don ya tashi ya yi ruri. Kar a miƙa wa biri biskit a leda ko cingam, ledar nan in ta shiga ciki tana toshe hanji. Kada da ke kwance baki buɗe ba mutuwa ya yi ba, zafi yake fitarwa, ba sai an zungure shi da kara ba. Mutum hamsin a mota guda, in malami ɗaya ya yi wa yara wannan bayanin kafin a sauka, ya wadatar.

Mu kuma ƙungiyoyin matasa, mun iya rubuta wasiƙa kan kwalbati da taransifoma. Babu abin da zai hana mu tambayi duk wani gidan zu, na gwamnati ko na ɗan kasuwa, abu uku: nawa ya shigo a Sallah, nawa aka kashe wa ciyarwa, kuma likitan dabbobi nawa ne ke aiki a wurin. Duk wanda zai kai yara bana, ya turo mana abin da ya gani ta akwatin saƙo na wannan shafin, mai kyau da marar kyau, da sunan wurin da ranar. Bayan Sallah za mu karanta su a shiri na musamman, kuma muna neman likitan dabbobi da zai zauna da mu ranar. Wanda ya san wani a nan Katsina ya haɗa mu.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi Sallah lafiya.