Abincin Da Ya Yi Suna A Faransa, Kayan Haɗinsa Suna Kasuwarmu

Yau zancenmu na girki ne da gyaran ɗaki. Zai kai mu nesa kaɗan, amma gida za mu komo.

A kudancin ƙasar Faransa, a bakin Bahar Rum, akwai wani yanki da a ke kira Furobans, babban birninsa Marsai. Ƙasa ce mai rana ƙwarai, damina ba ta zo musu lokacin zafi. Gidajen sayar da abinci na wannan yanki sun yi suna, har a waɗansu ƙasashe a kan buɗe irinsu, a kwaikwayi girkinsu da adon ɗakunansu, masu kuɗi su yi ta tururuwa. To, me a ke dafawa a ciki?

Na farko akwai ratatuy, wanda asalinsa daga wajen birnin Nis ne. Ba kome ba ne illa albasa, da tattasai, da tumatir, da gauta, da wata 'yar kabewa kore, da tafarnuwa, a dafa su cikin man zaitun. Na biyu akwai miyar fistu, watau wake da kayan lambu, sa'an nan a daka ganyen ɗoɗɗoya da tafarnuwa a turmi, a zuba a kai. Na uku kuwa buyabes, romon kifi ne na masuntan Marsai, waɗanda su kan dafa da kifin da ya yi kwantai. Darajarsa ta kai har a 1980 masu gidajen abinci na Marsai suka yi yarjejeniya a rubuce kan irin kifin da za a riƙa sa wa a ciki.

Kin ga dai duk abincin talakawa ne, na manoma da masunta. Kuma ki duba da kyau, wanne ne babu a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe lokacin rani? Albasar Aliero tana kusa da mu, tafarnuwa ana nomanta a ƙasar Sakkwato, ɗoɗɗoya kuwa a bayan ɗaki ta ke fitowa. Man zaitun kaɗai ke da tsada, man gyaɗa kuma ya wadatar.

Bambancinmu da su a hannu ya ke. Mu mun saba mu niƙe kayan miya duka, mu bar su a wuta har su ƙone. Su kuwa yankawa su ke yi gutsi-gutsi, kowane ya fito da ɗanɗanonsa. Ga yadda za ki gwada. Ki sami albasa 2, tattasai 3, yalo 4, tumatir 6, da ɗan yankin kabewa. Ki soya albasa a man gyaɗa kaɗan, da wuta marar ƙarfi, har ta yi laushi. Ki soya tattasai da yalo da kabewa dabam dabam, sa'an nan ki haɗa su da tumatir da tafarnuwa da gishiri. Ki rufe, ki bari kamar rabin sa'a. A ci da shinkafa ko dambu. Sa'ad da tumatir ya yi araha har yana ruɓewa a kwando, wannan hanya ce ta cika cikin yara da abin da zai gina jikinsu, ba da ɓarnar kuɗi ba.

Sai kuma adon ɗaki. Bangonsu fari ne fat, an shafe shi da farar ƙasa don ya kore zafi. Daɓen na jan yumɓu ne gasasshe. Tagogi na katako, a kan shafa musu shuɗin fenti. A kan kanta a jera tukwanen ƙasa da kwanduna, a rataye tafarnuwa a igiya. Ashe wannan ba shi ne ɗakin kakanninmu ba? Farar ƙasa, da daɓe, da tulu, da randa, da faifai, da ƙwarya mai zane, duk namu ne. Abin takaici, yau yarinya ta kan ji kunyar a ga tulu a ɗakinta, sai roba, alhali kuwa ruwan randa ya fi sanyi.

Ke mai sayar da tuwo ko shinkafa a tashar Tambuwal, inda motocin Sakkwato da Jega ke tsayawa, wannan zance naki ne musamman. Matafiyi da idonsa ya ke fara ci. In ya ga rumfa a share, bango fari, abinci a rufe da faifai, ruwan wanke hannu a tsabtace, wurinki zai zauna, gobe ma ya kawo ɗan'uwansa. In kuwa ya ga ƙuda, ko miyarki ta fi ta kowa daɗi, gaba zai yi.

Ku kuma 'yan makaranta, in an yi hutu ku roƙi iyayenku mata su koya muku yaɓen farar ƙasa da saƙar faifai tun masu iyawa suna nan. Wadda ta gwada girkin nan ta rubuto mana yadda maigida da yara suka ji shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.