Kwamfutar za ta gyaru, abin da ke cikinta fa?

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya yi wa Maiduguri shigar da rabon da a ga irinta tun 1994. Gwange da Fori da Gamboru, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, babu wanda ruwan ya ƙyale. An yi lissafin rayuka da gidaje da dabbobi da kayan shago, kuma su ne suka cancanci a fara lissafawa. Sai dai akwai wata asara da ba ta cika shiga takardar masu ƙididdiga ba, wato abin da ke ajiye cikin kwamfutocin da suka kwana a ruwa: kundin kammala digiri da ɗalibi ya shekara yana rubutawa, lissafin bashin ɗan kasuwa, hoton takardar fili, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Laftof kaya ne, in da kuɗi gobe a sayi wata. Abin da ke cikinta kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi. Ra'ayina shi ne yawancinmu muna kula da injin ne mu bar bayanan, kuma wannan ɗabi'ar ta fi kowace ambaliya cinye mana takardu, domin faifan ajiya yana mutuwa ko da ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Faifan ajiya na gargajiya, wanda masu gyara ke kira had dis, inji ne mai motsi. A cikin ƙaramin akwatinsa akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, da wani siririn hannu da ke yawo a kansa kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa farantin, yana shawagi ne a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan aka jijjiga kwamfutar tana kunne, ko ta faɗo daga kan gado, kan hannun yana iya gogar farantin ya kankare inda bayanai suke. Garinmu kuma ba ya tausaya wa irin wannan inji. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya kwamfutar, ga shi da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun mutane na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso, batirinsu ya daɗe da mutuwa. Laftof marar batiri tana mutuwa nan take da zarar an ɗauke wuta ko janareta ya tsaya, wataƙila daidai lokacin da faifan ke cikin rubutu. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a 2021, lokacin da aka rusa turakun wutar layin Damaturu garin ya yi watanni cikin duhu, ya san sau nawa hakan kan faru a yini guda.

Ba kowace kwamfutar da ta ƙi tashi ce faifanta ya mutu ba, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. Wani lokaci manhajar Windows ce ta lalace, wani lokaci faifan ne ya ɗan zame daga mazauninsa, wani lokaci ma babban allon injin ne ya ƙone alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Idan aka shiga shafin BIOS, wanda ake buɗewa kafin Windows ta tashi, aka ga sunan faifan, da sauran fata mai yawa. Idan kuwa aka kasa kunne aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko ya fara juyawa ya tsaya ya sake farawa, to ciwon na ƙarfe ne, kuma kowane kunnawa ƙara wa farantin rauni yake yi. Abin da ya dace a kashe a bar shi. Amma abin da aka saba shi ne a yi ta kunnawa ana kashewa, a ɗan bubbuga, sannan a kai wa mai gyara a ce masa, “Malam, ka taimaka ta tashi yau, ina da aiki.” Shi kuma hanya mafi sauri gare shi ita ce ya yi fomat ya ɗora sabuwar Windows. Kwamfuta ta tashi, an biya, an yi godiya, sai an koma gida a tarar an rubuta sabon abu a kan aikin shekara uku. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Umarnin da ya kamata a ba shi shi ne kada ya rubuta komai a kan faifan, ya cire shi, ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan mai lafiya da manhaja irin ddrescue wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo musu daga baya, sannan duk wani ƙoƙarin ceto a yi shi a kan kwafin.

Faifan da ya sha ruwa kuma hukuncinsa daban ne. Kada a kunna, a cire caja da batiri, kada a shanya shi a rana ko a binne shi cikin shinkafa, domin ruwan ambaliya laka ne, in ya bushe a ciki sai ya bar dattin da zai kankare farantin a juyin farko. Buɗe akwatin a kan teburin shago ma kashe shi ne. Wannan aikin na ƙwararru ne masu ɗakin da ƙura ba ta shiga, kuma kuɗinsu yakan fi kuɗin laftof ɗin kanta.

Wani zai ce ai faifai yana ba da sanarwa kafin ya mutu, tunda akwai tsarin SMART mai lura da lafiyar faifai, wanda manhajoji irin CrystalDiskInfo ke karantawa. Gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙa dubawa. Amma a 2007 injiniyoyin Google sun wallafa binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000, suka gano kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a wannan tsari ba kafin mutuwarsu. Wani kuma zai ce ya huta, tasa kwamfutar sabon nau'in faifai na SSD gare ta, babu abin da ke juyawa a ciki. SSD ta fi jure jijjiga da faɗuwa, ta fi sauri, ni ma ita zan ba kowa shawarar saya. Sai dai ita in za ta mutu ba ta ƙara, sau da yawa ɗif take yi, kuma abin da aka goge a kanta yakan tafi ke nan saboda yadda take share gurabenta da kanta. Duka biyun suna kai mu wuri ɗaya: abin da ke da kwafi ɗaya tal yana cikin haɗari ko a kan wane irin faifai yake.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Wannan na ƙarshen shi ne Maiduguri ta ga muhimmancinsa da idonta, domin filashin da ke cikin jakar laftof tare suke nutsewa, kuma faifan da aka ajiye a durowar shago tare suke ƙonewa, kamar yadda gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 ta nuna wa masu ajiya a can. Hujjar da ake kawowa ita ce data ta yi tsada, intanet ba ta da ƙarfi. Ba na musun wannan, amma a duba abin da ake son tsarewa. Fina-finai da waƙoƙi ne ke cinye wuri, su kuwa ana sake samunsu. Kundin digiri da sakamakon WAEC da NECO da takardar fili da lissafin shago, in an haɗa su duka da wuya su kai girman fim ɗaya, alhali Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta. Wanda bai amince da ajiyar intanet ba, kuma yana da 'yancin ƙin amincewa, sai ya kwafa a filashi ya ba ɗan'uwansa da ke wata unguwa mai tudu ko wani gari, ya riƙa sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Ya kuma riƙa buɗe kwafin yana gani, domin filashin jabu sun cika kasuwa, suna nuna sun karɓi abu alhali ba su riƙe shi ba.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba. Ranar da kwamfuta ta lalace ita ce ranar da sirrin mai ita ya fi zama a fili, domin yakan miƙa ta ga wanda bai sani ba, har ya rubuta masa kalmar sirri a takarda ya manna a murfi. A ciki akwai hoton katin NIN, lambar BVN, saƙonnin banki, hotunan matan gida. Kalmar sirrin Windows ma ba ta tsare komai idan aka cire faifan aka haɗa da wata kwamfuta, kuma a had dis gogewa ko fomat na sauri ba ya share bayanai, sunayensu kawai yake cirewa daga jeri. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun ba da rahoton faifai 158 na hannu da suka saya, inda suka tarar 12 kacal aka share yadda ya kamata, suka kuma tsinci dubban lambobin katin banki a sauran. A gari irin Maiduguri, inda ƙungiyoyin agaji da ofisoshin gwamnati ke riƙe da sunaye da bayanan 'yan gudun hijira da marayu da marasa lafiya, faifai ɗaya da ya fita a buɗe yana iya jefa mutanen da ba su ji ba su gani ba cikin matsala. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, har ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

Maganin shi ne a kulle faifan gaba ɗaya tun yana da lafiya, da BitLocker a Windows, ko FileVault a kwamfutocin Apple, ko VeraCrypt wadda kyauta ce. Masu gyara sukan ce kullewar tana hana su ceto bayanai, kuma suna da gaskiya: wanda ya ɓatar da mabuɗin BitLocker mai lambobi 48 ya yi ban kwana da abin da ke ciki, ko da faifan lafiyarsa lau. Shi ya sa kullewa da kwafi suke tafiya tare, a rubuta mabuɗin a takarda a ajiye shi inda ake ajiye takardun gida, ba cikin kwamfutar ba. Idan matsalar allo ce ko madannai ko wurin caji, a nemi a cire faifan a gaban mai shi ya tafi da abinsa, in dai irin wanda ke ciruwa ne. Idan kuma an sauya faifai, tsohon na mai kwamfutar ne, a karɓe shi ko da an ce ya mutu, domin wanda ya gagari wannan shago yana iya buɗuwa a wancan. In za a sayar da shi, a sa manhajar da za ta rubuta a kan kowane gurbi nasa tukuna. In kuwa ba ya karɓar rubutu, a huda shi da ƙusa a wurare da yawa kafin a ba 'yan gwangwan.