Gaskit ba ya ƙonewa haka siddan

Mashi ba garin kogi ba ne. Ruwan da mutumin wannan yanki ya sani shi ne na rijiya da fadama, sai madatsu irin su Sabke da Daberam a nan shiyyar Daura. Wanda yake son ganin kwale-kwale mai inji yana tsaga ruwa da lodin buhuna, sai ya nufi Yawuri a bakin tafkin Kainji, ko Baga a Tafkin Chadi. Amma ciwon da ke tsayar da injin jirgi a can, shi ne dai yake tsayar da injin niƙa da motar haya a nan, kuma bakin makanikai ɗaya ne a kansa: "Gaskit ya ƙone."

Gaskit ɗin da ake nufi wani falle ne siriri da ake shimfiɗawa tsakanin gangar jikin inji da murfin silinda, wato tof. A ƙarƙashin murfin nan fetur ke kamawa da wuta yana tura fistin, a gefensa kuma akwai hanyoyin da ruwan sanyaya inji ke bi. Tsakanin wutar da ruwan ba wani abu sai wannan falle. In ya huje, ƙarfin inji ya zurare, ruwa kuma ya shiga inda wuta take.

Injin jirgi na rataye ba shi da lagireto kamar mota, ba shi da duron ruwa kamar injin niƙa. Daga kogin yake zuƙo ruwa kai tsaye, ta hanyar wata 'yar farfelar roba da ke can ƙasa a ƙafar injin, ya zagaya da shi jikinsa, ya fesar. A nan matsalar take farawa. Ruwan damina cike yake da yashi da laka, yashin yana cinye robar sannu a hankali. Leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa. Wani kuma ya tayar da inji a tudu don gwaji, bai san ɗan lokaci kaɗan ba tare da ruwa ba ya isa ya lalata farfelar. Da ruwa ya ragu, zafi ya hau. Murfin na alminiyom ne, shi kuwa alminiyom in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi. Sai murfin ya ɗan karkace, wani gefe ya saki, wuta ta sami ƙofa.

Saboda haka makanikin da ya sa sabon gaskit bai sauke ƙafar inji ya duba farfelar ba, kuɗin mai jirgi kawai ya ci. Za a dawo masa.

Gane ciwon a tsohon inji yana da ɗan sarƙaƙiya. Mai mota yana zare ma'aunin baƙin mai, in ya ga ya koma kalar shayi da madara ya san ruwa ya shiga. Yawancin injunan da ke kogunanmu, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, masu cin fetur gauraye da baƙin mai ne, ba su da kaskon da mai ke taruwa, don haka babu wannan alamar. Sai a kwance fulogi. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa na da baƙi, ko aka ga ɗigon ruwa a bakinsa, silindarsa ce mai laifi. Wanda ke da agogon auna matsin silinda zai tabbatar: in bambancin silinda biyu ya haura kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai magana. Jinkiri kuma yana da tsada, domin ruwan da ya kwana a ciki yana gangarawa ya sa boris ya yi tsatsa, aikin gaskit ya koma aikin buɗe inji gaba ɗaya.

Kwancewar kanta ita ce ta fi ban tsoro, musamman a injin da aka sayo na hannu daga Legas ko Kwatano, wanda ya sha ruwan gishiri. Ƙusoshin murfin sun manne da alminiyom. Mai gaggawa zai danna sifana da ƙarfi ƙusa ta karye a ciki. Mai haƙuri yana zuba mai, ya ɗan gasa wurin, ya ƙwanƙwasa, ya murɗa gaba da baya har ta saki.

Bayan an kankare tsohon gaskit ba tare da an yi wa fuskar murfin rauni ba, sai a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai a duba. Littattafan gyara da yawa ba su yarda karkacewa ta wuce milimita 0.1 ba, kusan kaurin takarda. In kaɗan ce, a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a riƙa goga murfin ana zana lamba 8 har fuskar ta daidaita. A kuma yashe hanyoyin ruwa, don a nan laka ke daskarewa.

Inda na fi saɓawa da masu gyaranmu shi ne wajen ɗauri. Da yawa suna ɗaure ƙusa ɗaya tamau kafin su koma ta biyu, suna auna ƙarfin da damtsensu. Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙusoshin tsakiya a riƙa zagayawa zuwa waje, zagaye na farko sama-sama, na biyu a kai adadin da kamfani ya rubuta, da sifana mai ma'auni. Wasu tsofaffin injuna ma sai an sake bin ƙusoshin bayan inji ya yi zafi ya huce. Shafa gam a kan tsohon gaskit a mayar, ko yanko wani daga kwali, dabarar kai jirgi gaɓa ce kawai. Haka nan cire na'urar daidaita zafi da ake yi da sunan ƙasarmu akwai rana: ba ya maganin farfelar da ta mutu, sai dai ya sa inji ya riƙa aiki da sanyi yana tara baƙi.

Kayan gyara ma sai an lura. An daina ƙera injunan jirgi na Evinrude tun 2020, kuma jabun gaskit ya cika kasuwa, don haka a tafi da lambar da ke jikin injin da tsohon fallen a gwada rami da rami. In an haɗa an tayar a cikin ruwa, ido ya tsaya kan ɗan siririn ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. In ya yi rauni ko ya ɗauke, a kashe inji nan take.